Macen Yumɓu daga Gonar Fashaga

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, tsakanin azahar da la'asar, a babban gidan su babanku da ke Gadarif. Mu uku ne a rumfar tsakar gida: ni, da Hajja Safiya mahaifiyarsa, wadda ku kuka sani da Habboba, da ƙanwarsa Nafisa tana soya kofi za ta haɗa mana jabana, kofin da ake dafawa a 'yar tukunyar yumɓu. Ban daɗe da dawowa daga gidan rediyo ba, ko mayafina ban cire ba. Sai babanku Usman ya yi sallama, ya shigo da laka har gwiwa, ya ajiye wani abu naɗe da hankici a kan tabarma, tsakanin ƙafafuna da na mahaifiyarsa.

Ina rubuta wannan babi ne saboda Ihsan. Ta dawo daga wani biki ta tambaye ni ko gaskiya ne na taɓa ajiye gunki a ɗakina, kuma ko shi ya sa ban haihu ba. Na yi aikin karanta labarai a sashen Hausa shekaru masu yawa, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne in raba abin da na gani da abin da aka gaya mini. Haka zan yi a nan. Ku, Ihsan da Bashir, 'ya'yan ƙanena ne da muke uba ɗaya, marigayi Adamu, ni da Usman muka rene ku, kun san wannan tun kuna ƙanana. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru kafin ku zo hannunmu.

Da Usman ya warware hankicin sai muka ga siffar mace ce ta gasasshen yumɓu, ja mai duhu, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Kanta ɗan tsiro ne kamar kan yatsa, babu ido, babu baki. Hannuwanta guntaye ne. Tana da nono biyu, cikinta ya ɗan turo, ƙugu da cinyoyi kuwa sun fi komai girma a jikinta. Ƙafafunta a haɗe suke, layi ɗaya ne ya raba su. A kan cikin an ja zane a jere, ya zagaya ƙugu kamar an naɗa igiya. Usman ya ce ruwan sama ne ya zaizaye gefen ɗan tudun da ke ƙarshen gonar Fashaga, faifan garmar tarakta ya juyo da ita, shi kuma ya ga abin mamaki ya kawo mu gani.

Hajja ba ta taɓa ta ba. Ta ɗauki tsinken tsintsiya ta juya ta.

"A wane gefe na gonar?"

"Wajen tudu, Hajja."

"Wajen tudu gayaunar wa ke nan?"

Kowa a rumfar ya san amsar. Wannan yanki shi ne wanda mahaifinsa ya yanka mini lokacin aurenmu, ake noma mini riɗi a ciki. Lokacin kuwa aurenmu ya daɗe, ko ɓari ban taɓa yi ba.

Hajja ta bi siffar da tsinken tana karanta ta a hankali, kamar yadda nake karanta takarda a gaban makirfo.

"Duba nan, ya Sa'adiyya. An haɗe mata ƙafafu. An ɗaure mata ciki da igiya, ga ta nan, ƙirga da kanki. An hana ta baki don kada ta yi ƙara. Kuma a gonarki aka binne ta. Me ya rage a gaya miki? Ke ce wannan, ya bitti, 'yata. Ke ce."

Ya kamata ku gane cewa Hajja ba muguwar mace ba ce, kuma ranar murna take yi. Ta kai ni wurin malamai, ta kai ni asibiti, ta saya mini magungunan Habashawa daga Gallabat. Yanzu ta ga dalili a kan tabarma, abin da ido ke gani kuma hannu zai iya fasawa. A wurinmu duk abin da aka tono a gona ko a bakin ƙofa mai siffar mutum, sammu ne, babu wata fassara ta biyu. Ni ma da shi aka rene ni.

Nafisa ce ta kawo sauran, tana zuba kofi, ba ta ɗaga kai ba.

"To, ni tambaya kawai nake yi. Wa ke taɓa yumɓu a danginmu? Wa ke zuwa gonar nan duk kaka? Ni fa ban kira sunan kowa ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta kira suna ba, kuma har maganar ta ƙare babu wanda ya kira suna a gabana. Amma mace ɗaya ce ta dace da tambayoyin: Gwaggo Hawwa, ƙanwar mahaifina. Ita ta ɗauke ni bayan rasuwar mahaifiyata, ina rarrafe. Ta yi aure sau biyu ba ta samu haihuwa ba, ta dawo ta riƙe sana'ar ginin tukwane: tulunan ruwa, kaskon turare, tukwanen jabana. Tana shimfiɗa su a gefen kasuwar Gadarif, kusa da inda ake sauke buhunan dawa. Duk lokacin yankan riɗi takan bi mu Fashaga ta dafa wa 'yan ƙwadago abinci, ta kuma ɗebo jan yumɓu daga gindin tudun nan, domin baƙar lakar gari tsagewa take yi a wuta. Dalilin da aka ɗora mata ma bai yi wuyar samu ba: wai ba ta so in haihu in manta da ita, tana so in zauna kamar yadda ta zauna.

Washegari Hajja ta kira Faki Idris, malamin unguwarmu. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma abin da ya faɗa ba shi da sauƙin musantawa.

"Ni ban san wanda ya yi ta ba, kuma kada a ce Faki ya ce wance ce. Idan sihiri ne, hanyarsa sananniya ce: in yi karatu a kanta, wadda aka yi wa ta fasa ta da hannunta, a daka ta a turmi, a zuba garin a ruwa mai gudu. Idan kuma ba sihiri ba ce, to gunki ce, fasa ta lada ne. Ta ko'ina dai fasawa ce."

"Da hannun wani fa, Faki?" in ji Hajja. "Ni sai in fasa."

"A'a, Hajja. Sai mai ita."

Wannan ƙa'ida ce ta jefa maganar a hannuna. Na ce a ba ni 'yan kwanaki. Na naɗe siffar na sa a ƙasan akwatin kayana na kulle. Wannan shi ne ajiye gunkin da kuka ji, kuma bai kai mako biyu ba.

A cikin kwanakin nan labari ya gama unguwa. Mata suka fara fitar da kaskon turaren da suka saya a wurin Gwaggo suna fasawa a bayan gida. Wata maƙwabciya ta zubar da ruwan tulunta ta mirgina shi kan juji. Yaran da kan tsaya ta ba su ƙananan tukwane na wasa aka hana su bi ta gefenta. Da safiyar Asabar na je kasuwa na same ta zaune a bayan kayanta, sun cika tabarma kamar yadda ta jera su, ba a ɗauki ko ɗaya ba. Na durƙusa na gaishe ta.

"'Yar rediyo. Yau ba labarai?"

"Sai da yamma, Gwaggo."

"To ni zan ba ki na safe. An ce na ɗaure ki."

"Wa ya gaya miki?"

"Tulunan nan suka gaya mini. Kin taɓa ganin tulu ya kwana uku a nan cikin wannan zafi?"

Na buɗe jakata na nuna mata siffar a ɓoye. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta shafa bayanta da babban yatsa, ta yi ɗan murmushi.

"Ni da zan gina mace ai da na yi mata fuska. Wannan ko hanci ba ta samu ba, baiwar Allah."

Ta miƙo mini. Sai ta gyara zama ta yi magana da muryar da take yi mini faɗa ina yarinya.

"Ki fasa ta, Sa'adiyya."

"Idan na fasa ta na yarda ke nan."

"Ki yarda mana. Me zai rage ni? Na ci tuwona, saura kaɗan. Idan akwai ɗa a bayan wannan fasawa, ko da ƙyar ne, ki je ki ɗauko shi. Ni na san zaman da ake yi babu shi, ke ba ki gama sani ba."

"Ke kika yi, Gwaggo?"

Ta juya ta gyara jerin kaskonta.

"Tashi ki tafi aikinki," in ji ta.

Ba ta rantse mini ba, ni ma ban nemi ta rantse ba. A hanyar komawa na yi lissafin a fili. Idan na fasa siffar na haihu, za a ce an warware ɗaurin Hawwa. Idan na fasa ban haihu ba, za a ce ɗaurin ya yi ƙarfi, akwai wata binne a wani wuri. Ko ta yaya, daga ranar da na ɗaga taɓarya ta zama mai sammu har kabarinta, kuma da hannuna. Abin da kawai zai iya wanke ta shi ne siffar kanta, idan an samu wanda zai iya cewa daga ina ta fito. Ina son ɗa a lokacin fiye da yadda zan iya rubuta muku, kuma ba ni da tabbacin cewa Hajja ta yi kuskure. Wannan ne nauyin abin.

Wani abokin aikina na sashen Larabci ya taɓa yin hira da masu haƙa kayan tarihi. Shi ya ba ni kwatancen wata malamar jami'a a Hartum, wadda kowa ke kira Duktura. Na gaya wa babanku zan je. Ya gama ɗaure igiyar takalminsa, sannan ya ce:

"Ban hana ki ba, ban kuma aike ki ba. Amma kin san Hajja."

Na hau motar safe. Duktura mace ce siririya mai furfura, ofishinta cike da akwatunan kwali. Da Larabci muka yi magana. Da na warware hankicin sai ta sa tabarau, ta ɗauki siffar kamar mai ɗaukar jariri, ta tambaye ni inda aka same ta, da zurfin wurin, da ko akwai fasassun tukwane a kusa. Sannan ta ja wani aljihun tebur mai faɗi. A ciki, kan auduga, akwai 'yan'uwanta. Wasu na yumɓu, wasu na dutse, wasu babu kai, wata rabi ce kawai. Kusan dukkansu manyan ƙugu ne da haɗaɗɗun ƙafafu, da dama ba su da fuska, wasu da zane a ciki irin na tawa. Na tsaya ina kallon su. Idan duk waɗannan ɗauri ne, to an ɗaure matan ƙasar nan kaf.

Duktura ta ce an tono waɗannan a kaburbura da kufai na bakin Nilu da gabashin ƙasar, daga mutanen da suka rayu dubban shekaru kafin a san rubutu a nan, lokacin da ɗan Adam ya fara kiwo da shuka. Ta ce ana samun irinsu a ƙasashe masu nisa da ba su san juna ba. Na tambaye ta me ake yi da su.

"Tsoffin littattafai sun ce allahiya ce, uwa babba, wadda mutanen farko suke roƙo ta ba su 'ya'ya da amfanin gona. Suna ganin mace da ƙasa abu ɗaya ne: a zuba iri, a jira, a samu. Shi ya sa aka girmama ƙugu da ciki da nono aka bar fuska, domin ba wata mace ake nufi ba, haihuwar ake nufi. Wasu kuma sun ce kakanni ne. Wasu sun ce da su ake koya wa 'yan mata sha'anin aure da ciki, ko mai naƙuda ke riƙewa a hannu. Akwai ma masu cewa wasu 'yan tsana ne na yara."

"Ke wanne kika ɗauka?"

"Ni ban sani ba, Ustaza. Ba su bar mana magana ba. Abin da zan iya ce miki shi ne ba mu da dalilin cewa don cutar da wata aka yi su. Yawanci kusa da mamaci ake ajiye su, kamar abin da ake ƙauna."

"Zanen cikin fa? A gidanmu an ce igiya ce."

"Ƙila jigida ce. Ƙila tsaga ce ta ado. Ƙila kuma layin da ciki ke bari a fatar mace bayan ta haihu."

Na gaya mata dukan labarin, har da Gwaggo. Na ce ina so ta ba ni magana ɗaya da zan kai gida: tsohuwa ce ko sabuwa? Ta ce a ganinta tsohuwa ce ƙwarai, ga ɓawon ƙasa da ya manne a cikin zanen ya zama kamar dutse, amma ba za ta rantse a kan abu ɗaya da aka kawo mata a jaka ba, sai ta ga wurin, kuma ba za a iya shiga gonakin Fashaga da mota ba sai ruwa ya ɗauke. Ta ce a doka irin wannan kayan na ƙasa ne, ya kamata ya zauna a wurinsu, amma ba za ta riƙe mini jaka ba. Na san abin da zai faru idan na koma da ita. Hajja za ta zauna a ƙofar ɗakina, Faki zai zo, kuma ban tabbata zan iya cewa a'a kullum ba. Na tura hankicin gabanta na tashi.

Da na dawo Gadarif, Hajja na zaune a rumfa tana jan carbi. Na gaishe ta, na faɗa mata abin da na gani da abin da aka ce, dalla-dalla, ban ƙara ban rage ba. Ta bari na gama.

"Ina take?"

"Na bar ta can, Hajja."

"Kin bar ta. A cikin akwatin gwamnati."

"E."

"To yanzu ko kin so fasawa babu hali."

"Babu."

Ta ajiye carbin a cinyarta.

"Na ɗauka ke 'yata ce. Na bi malamai da ke, na zauna a layin asibiti da ke, ƙafafuna suna kumbura. Allah Ya tono miki maganinki da garma, Ya ajiye a gabanki, kin ɗauka kin kai wa wata mai tabarau. Kin zaɓi gwaggonki a kan jikana. Halas, shi ke nan. Ki riƙe ta."

Daga ranar ba ta ƙara cin abincin da na dafa ba. Idan na shigo rumfa sai ta tashi ta shiga ɗaki. Nafisa kan ce wa baƙi, ina ji, "Matar yayanmu ai ta fi ƙarfin Faki, sai Duktura." Babanku ya jure har aka yi noma na biyu, sannan ya kama mana gida ɗan ƙarami a wata unguwa. Fitar babban ɗa daga gidan gado ba ƙaramin abu ba ne. Ƙannensa suka raba gonar, ya rasa taraktar da suke tarayya a kai, ya koma haya. Bai taɓa ce mini saboda ke ba. Gwaggo kuma duk daminar nan ba ta sayar da abin kirki ba. Ta daina zuwa kasuwa, ta koma wanke riɗi a gidan wani ɗan kasuwa, aikin da 'yan mata ke yi. Da na ce ta dawo gidanmu sai ta ce idan ta shiga gidana an gama magana ke nan.

Bayan an yanke riɗi hanya ta bushe, Duktura ta zo da ɗalibanta. Babanku ne ya kai su gindin tudun, ni ma na bi su da na'urar ɗaukar magana ta ofis. Ba su yi haƙa mai zurfi ba. Inda ruwa ya zaizaye ƙasa suka bi a sunkuye, kafin azahar sun tara fasassun tukwane masu zane irin wanda ba a yi yanzu, da duwatsun niƙa da suka lotse, da ƙananan duwatsu masu kaifi, da ƙwayoyin ado na ɓawon ƙwan jimina. Wata ɗaliba ta tsinci ƙasan wata siffar, ƙugu da cinyoyi kawai, ƙafafu a haɗe. 'Yan ƙwadagon da ke sussuka suka taru suna kallo. Wani dattijo cikinsu ya ce su sun saba ganin irin waɗannan a gonaki da dama, jefar da su suke yi. Duktura ta tsaya a kan tudun ta yi magana cikin na'urar, ta ce wannan wuri ƙauye ne na mutanen da, kuma yanzu za ta iya cewa siffar tasu ce.

Na fassara maganarta na karanta a shirinmu na yammacin Juma'a, wanda ake ji a kusan kowane gidan Hausawa daga Gadarif har Gallabat. Ban ambaci gidanmu ba, ban ambaci Gwaggo ba. Na ce an samu kufan mutanen da a wata gona a Fashaga. Na kwatanta siffar kamar yadda na kwatanta muku: haɗaɗɗun ƙafafu, zane a ciki, babu baki. Na faɗi abin da masana ke zato da abin da suka ce ba su sani ba. Na ce wanda ya tono irin wannan a gonarsa kada ya zargi maƙwabcinsa, domin mai ginin ya rigayi kakannin kakanninmu, ya rigayi zuwanmu ƙasar nan a hanyar Makka da nisan da ba a ƙirgawa. Duk wanda ke unguwarmu ya san gonar da nake nufi.

Shirin ya yi aiki, amma rabi. Faki Idris ya zo gidanmu da kansa ya ce ya ji, kuma ya gode wa Allah da bai kira sunan kowa ba, ko da yake har yanzu yana ganin da an fasa ta da ya fi, tunda dai abin bautar jahiliyya ce. A karatunsa na mata ya yi magana a kan zato, kowa ya gane. Wasu mata suka koma sayen kasko a wurin Gwaggo, suna yi kamar ba su taɓa dainawa ba, ita ma ta karɓe su haka. Wasu ba su koma ba. Wasu kuma suka ɗauki kalmar haihuwa kawai daga cikin shirin, suka riƙa zuwa gidana a asirce suna tambaya ko akwai sauran irin siffar su taɓa. Na riƙa ba su shayi ina sallamar su. Daga nan ne labarin ya juye ya zama wai ina da gunki a ɗaki, kuma shi ne ya iso kunnen Ihsan bayan shekaru masu yawa.

Hajja ba ta canja ba. An gaya mini ta saurari shirin har ƙarshe, ta ce, "To, tsohuwa ce. Aljanun zamanin da ba su iya ɗauri ba ne?" Har ta bar duniya tana ganin ni na rufe wa kaina ƙofa. Likitoci biyu sun gaya mini dalilin rashin haihuwata, toshewa ce da aka gano a makare, kuma na yarda da su. Duk da haka akwai ranakun suna da na zauna cikin mata ina tambayar kaina me zai faru da na ɗaga taɓaryar nan. Ban bauta wa siffar ba, ban roƙe ta komai ba, Allah ne shaida. Abin da na ji game da ita abu ɗaya ne, tun ranar da Duktura ta ambaci layin da ciki ke bari: cewa a gindin tudun nan, inda ake noma mini riɗi, wata mace ta taɓa zama ta murza yumɓu tana tunanin abin da ni ma nake tunani. Inda siffar take yanzu, bayan yaƙin da ya bi ta kan Hartum, ban sani ba.

Gwaggo ta koma kasuwa ta ci gaba da gini, amma ba ta ƙara zuwa Fashaga ba, sai ta riƙa sayen yumɓu daga masu jakuna. Ba ta taɓa yi mini godiya ba. Sau ɗaya ta tayar da maganar, ranar da aka kawo ku gidanmu bayan rasuwar Adamu, Bashir yana goye a bayana. Ta dube ni ta ce, "Taurin kanki dai na ubanki ne," ta karɓi Ihsan ta ɗora a cinya.

Gwaggo ta rasu da rani, bayan 'yar gajeriyar jinya, a ɗakinta na bayan kasuwa. Da hantsi muna shirin wanka, ni da maƙwabtanta, sai aka yi sallama. Hajja Safiya ce, tana dogara sanda, Nafisa na riƙe da ita. Tun abin nan ba ta taka ƙofar Gwaggo ba. Ta ce wa Nafisa ta jira a waje, ta naɗe hannun rigarta, ta karɓi butar daga hannuna. Ita ta yi mata wanka, ita ta ɗaura mata likkafani. Ba ta yi mini magana ba ranar, ni ma ban yi mata ba. Ta zauna a gidan har aka yi sadakar uku, sannan ta koma gidanta.